Sanƙon Alhaji Tahir

Alhaji Tahir dillalin shanu ya shekara arba'in da tara a duniya bai taɓa ganin tsakar kansa ba. Ba laifinsa ba ne. Allah bai sa wa mutum ido a ƙeya ba, kuma a Maiduguri namijin da ya san mutuncinsa ba ya fita babu hula. Kowace Juma'a da hantsi Gambo wanzami yakan zo ƙofar gidansa a Dala rataye da zabira, ya zaunar da shi a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ya jiƙa kan da ruwa, ya aske shi tas daga goshi har ƙeya. Daga hannun Gambo kan yakan wuce cikin hularsa zanna bukar, sai wata Juma'ar. Shekara ashirin da bakwai ana haka. Kafin shi ma Gambo ne ke aske mahaifinsa, tun lokacin da tsohon ya sayar da garkensa ya shigo gari.

A lokacin, abin da ya dami Alhaji Tahir shi ne ciwon baya. Kakanninsa sun bi shanu da ƙafa daga bakin Tafkin Chadi har inda ciyawa ta ƙare. Shi kuwa daga kan benci yake bin su da ido a kasuwar shanu, da kofin shayi a hannu, in an gama ciniki ya shiga mota. Tumbi ya fito, baya ya ƙi. Ruku'u ne ya fara gagarar sa, sannan sujada, har ranar da ya durƙusa a masallacin unguwa ya kasa tashi sai da mutum biyu suka kama shi. Washegari ladan ya ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, cikin tsofaffi uku masu salla a zaune. Ƙaraminsu ya haura saba'in. Suka karɓe shi hannu biyu, ɗayansu har ya fara kiransa "sa'ana".

Wata takwas ya yi a kan kujerar nan. Bai taɓa tsanar wani abu a rayuwarsa kamar yadda ya tsane ta ba, ko da ɓarayin shanu.

Likitar ƙashi da ya gani a asibiti, wata Rebeka, ta ɗaga hoton bayansa ta duba a hasken taga ta ajiye.

"Alhaji, bayanka lafiyarsa lau. Aiki ne ba ka ba shi ba, har ya manta yadda ake yi."

Ya so ta rubuta masa allura mai tsada, irin wadda mutum zai iya ba da labarinta a majalisa. Sai ta rubuta masa sunan wani mutum da lambar wayarsa.

Mutumin shi ne Justin, tsohon malamin wasannin motsa jiki daga wajen Biu, wanda ya yi ritaya ya mai da bayan gidansa wurin ɗaga ƙarfe. Rumfar kwano ce, da benci biyu da madubi guda mai tsaguwa. Wasu ƙarafan sayo su aka yi, wasu kuwa siminti ne da aka zuba a bokitin fenti aka soka bututu a tsakiya. Justin ya doshi sittin, ƙirjinsa kamar ƙofar shago, kansa kuma kamar ƙwai. Ranar farko Alhaji Tahir ya zo da babbar riga da hula. Justin ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Alhaji, ɗaurin aure aka ce maka?"

Aka cire riga. Hula ce ya ƙi cirewa, sai da ta faɗi sau uku a sunkuye uku, sannan ya rataye ta a ƙusa yana waige-waige kamar wanda ya tuɓe wando a kasuwa. Babu wanda ya kula. Bututu marar komai aka ba shi ya ɗaga, ya ɗaga yana nishi, a gefensa wani ma'aikacin banki siriri yana ɗaga siminti biyu yana amsa waya.

A wannan makon ne kuma Gambo ya tafi Kano aikin yanar ido. 'Yarsa da ke aure can ta riƙe shi, ta ce ba zai dawo ba sai idon ya warke sarai. Masu injin aski sun cika bakin titi, amma Alhaji Tahir ya ce kan da Gambo ya riƙe shekara ashirin da bakwai ba za a miƙa wa inji ba. Zai jira. Gashi ya fara tohowa, karo na farko tun yana saurayi, kuma abin da ya gani a madubin Justin ya ba shi sha'awa: baƙi wuluk a gaban goshi, da ɗan lanƙwasa irin ta mutanensu. Ya sayi mataji ya ɓoye a aljihun mota.

Matarsa Kellu ta gano matajin a kwana na biyu. Babarbariya ce, kuma tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta bar shi ya manta cewa jikan Fulani makiyaya ne ba.

"Fulata, kitso za a yi maka? In kira mai kitsona?"

"Ke dai hassada ce. Da ba ki san irin mijin da kika samu ba."

"Na sani mana. Na fi ka sani."

Bai tsaya jin abin da take nufi ba, don a kwanakin nan ransa fari yake. A mako na shida ya yi ruku'u a ɗakinsa ba tare da ya dafa bango ba. A mako na tara ya shiga masallaci da la'asar, ya wuce farar kujera kamar bai taɓa saninta ba, ya tsaya a sahu na biyu, ya kai goshinsa ƙasa ya tashi da ƙafarsa. Tsofaffin uku suka bi shi da kallon wanda ya ci amana. A kasuwa wani bijimi ya fizge igiya, Alhaji Tahir ya riƙe shi shi kaɗai, kuma ya tabbatar labarin ya kai kowace rumfa kafin azahar.

A wata na uku ne Justin ya ce yana gantsare baya in ya sunkuya ɗaukar ƙarfe daga ƙasa. Alhaji ya musa. Justin ya karɓi wayarsa, ya tsaya a bayansa ya ɗauki bidiyo, ya miƙa masa.

"Dubi nan, wajen ƙugu."

Alhaji Tahir bai ga ƙugu ba. Ya ga wani mutum mai kama da shi ta baya, da baƙin gashi zagaye, a tsakiya kuma fili fetal faɗin tafin hannu, yana sheƙi a hasken safiya kamar an goge shi da tsumma. Ya mai da bidiyon baya. Filin yana nan. Ya kai hannu ya shafa, ya ji santsi. Wata uku yana taje gaban goshi yana shafa gefe, bai taɓa kai mataji can ba.

"Malam Justin, mene ne wannan?"

"Sanƙo ne, Alhaji. Barka da zuwa."

"Wata uku da suka wuce babu shi."

"Ka tabbata?"

"Kaina ne."

Ya dubi mutanen da ke rumfar da idon dillali, idon da yake gane saniya mai ciwo daga nesa. Su bakwai ne masu ɗaga babban ƙarfe. Huɗu suna da sanƙo. Na biyar ya fara. Shugabansu kuwa ko na rantsuwa babu.

"Ni nawa tun ina kwalejin horon malamai ya tafi," in ji Justin, "lokacin ko jarka ba na iya ɗauka. Gado ne. Kuma mutanen nan duk sun haura arba'in. Je ka kasuwa ka cire wa sa'anninsu hula ka ƙirga."

Alhaji Tahir ya san yadda mai kaya yake yabon kayansa, sana'arsa ce. Ya sauke hularsa daga ƙusa ya kifa, ya danna ta har kunne.

Daga nan Kasuwar Kwastam ya nufa, wurin abokinsa Inuwa mai sayar da huluna, Bakano mai bayani a kan komai. A can ƙuryar shago, bayan an sauke labule, ya ɗaga hula. Inuwa ya daɗe yana nazari.

"Ƙarfe ne," ya ce. "Ai a bayyane yake. Jinin da zai hau ya shayar da gashi, kai ka tare shi a damtse. Ka taɓa ganin gona ta yi kyau an datse mata ruwa? Dubi 'yan dambe na talabijin, duk kansu kamar tulu."

"To in na bari zai dawo?"

"In ka bari da wuri. Ka haɗa da ruwan albasa da man habbatus sauda, safe da yamma."

Bayanin ya zauna masa daram, domin yana da gona a ciki, yana da ruwa, kuma akwai wanda za a ɗora wa laifi. Ya daina zuwa wurin Justin. In Justin ya kira, ya ce yana Gamboru ana lodin shanu.

Kellu ta jure warin albasa kwana huɗu. A na biyar ta tsaya a bakin ƙofa da kaskon turaren wuta a hannu.

"Baban Walid, turarena ya gaji. Miya zan ɗora a kanka ko me?"

"Magani nake yi."

"Wannan abin fa ya daɗe. Ba jiya ya zo ba."

"Wata uku."

"Shekaru. In ka sunkuya alwala wurin yakan yi haske daban. Na ɗauka ka sani."

Ya yi murmushin wanda ya riƙe hujja a aljihu.

"To ki gaya mini, Babarbariya. Duk Juma'a ina jin askar Gambo tana bi ta nan, daidai nan, sau uku sau huɗu. In babu gashi, me yake askewa?"

Kellu ta juya da kaskonta ta koma. Wannan karon shi ya yi nasara, abin da bai cika faruwa ba a gidan, kuma ya ji daɗinsa har cikin ransa.

Daɗin bai daɗe ba. A mako na biyu baya ya fara gaisuwa, da asuba in zai tashi daga shimfiɗa. A na uku ya dafa gwiwa kafin ya miƙe daga sujada, ya ji wani abu ya ja shi a ƙugu kamar igiya. Da aka sallame, tsohon nan mai kiransa sa'ana ya bubbuga farar kujerar da ke gefensa da tafin hannu.

"Ba mu ba kowa ba. Mun san za ka dawo."

A hanyar gida Alhaji Tahir ya auna abin yadda yake auna dabba. In ya koma wurin Justin, sauran gashin zai bi ɗan'uwansa, ya zama kamar Justin. In bai koma ba, kujera. Gashin babu mai ganinsa sai shi da Kellu, kujera kuwa duk unguwa na gani sau biyar a rana. Kowane mai hankali ya san abin da ya kamata. Amma wata uku kawai ya yi da sanin yana da gashi mai kyau, kuma bai shirya rabuwa da shi ba. Ya ƙara albasa.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Gambo ne, ya ɗan rame, da sabon tabarau mai kauri, da tsohuwar zabirarsa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Kano da 'ya da jikoki da likitan da ya yi aikin. Gambo ya ce yanzu yana ganin tururuwa a kan katanga, kuma ya gano matarsa ta tsufa. Ya shimfiɗa kayansa a tabarma, ya fara wasa aska a kan fata.

Alhaji Tahir ya zauna, ya cire hula a hankali. Gambo ya ja da baya kaɗan.

"Wa ya mutu a cikin hular nan?"

"Albasa ce. Malam Gambo, bayan tafiyarka na shiga hannun wani mutum mai ɗaga ƙarfe. Baya ya warke, amma dubi abin da ƙarfen ya yi mini."

Gambo ya gyara tabarau, ya zagaya baya.

"Ina?"

"Nan. Tsakiya."

"Wannan?" Ya ɗora yatsa a wurin kamar mai gaida tsohon maƙwabci. "Alhaji, wannan ai ya girmi Safinatu."

Safinatu, autar gidan, tana aji ɗaya na sakandare.

"Shekarar da aka haife ta ya riga ya kai faɗin bakin kofin shayi. Yana ƙaruwa a hankali, ba ya gaggawa. Daga bara zuwa yau ban ga ya motsa ba ma."

"Amma ina jin askarka a wurin. Duk Juma'a."

"Ina bi da ita."

"A kan me?"

"A kan fata." Gambo ya juya askar ya nuna masa gadon bayanta, wajen da babu kaifi. "Da nan nake bi. In jiƙa, in ja sau uku, in goge a tafin hannu kamar na ɗebo wani abu."

Alhaji Tahir ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"Shekara goma sha uku kana aske inda babu gashi."

"Haka mahaifina ya koya mini. In ka tsallake wuri a kan mutum, ai ka gaya masa ke nan. Mu ba ma kai wa mutum labarin kansa sai in ya tambaya. Ba ka taɓa tambaya ba."

"Ni kaɗai kake yi wa haka?"

"Rabin unguwar nan. Ba zan faɗi suna ba." Ya zuba ruwa a tafin hannu. "Amma tunda ya rasu, Allah ya jiƙansa, zan gaya maka na mahaifinka. Nasa har goshi ya ci. Shekarunsa na ƙarshe abin da ke kansa bai kai girar ido ba. Ina ɗaukar lokaci a kansa daidai da na kowa, in gama ya shafa ya ce, Gambo, yau ka kwashe da yawa. Ya naɗa rawaninsa ya tafi. Ƙarfen da na san ya taɓa ɗagawa buta ce."

Daga bayan ƙofar zaure aka ji wani sauti, irin na mace mai ƙoƙarin danne dariya da bakin gyale.

"Ina jin ki," in ji Alhaji Tahir.

"Wushe, Malam Gambo, sannu da hanya," Kellu ta ce daga ciki. "Ka wanke da sabulu sosai, don Allah. Albasar gidan nan ta ƙare a kan mutum ɗaya."

Ya so ya yi fushi, ya duba bai ga wanda zai yi da shi ba. Ƙarfe ya fita daga zargi. Inuwa bai san komai ba, kuma dama bai taɓa sani ba. Gambo kuwa shekara goma sha uku yana yi masa aikin da babu wanda ya sa shi. Saura mahaifinsa, wanda ya bar masa gida da suna da wannan, kuma ba a fushi da mamaci. Sai ya ji wani sauƙi ya sauko masa tun daga wuya. Abin da yake ta gudun ya rasa, ashe tun Safinatu tana cikin zani ya tafi, kuma a tsawon shekarun nan ya yi ciniki, ya je Makka, ya ci tuwonsa, babu abin da ya ragu.

Ya gyara zama ya sunkuyar da kai. Gambo ya fara daga goshi. Baƙin gashin nan mai lanƙwasa ya riƙa zubowa a kan tabarma, Alhaji Tahir ya bi shi da kallo kaɗan, sannan ya rufe ido. Da askar ta zo gaɓar fili sai ta tsaya.

"Yanzu da ka sani, in tsallake?"

Alhaji Tahir ya ƙara sunkuyar da kai.

"Bi da ita yadda ka saba."

Ya ji sanyin ruwa, ya ji ƙarfe ya bi sau uku a hankali, ya ji Gambo ya goge a tafin hannu.

Sallar Juma'ar ranar a kan kujera ya yi ta, don baya bai san an sasanta ba. Asabar da sassafe ya shiga rumfar Justin, ya rataye zanna bukar a ƙusarta ba tare da ya waiga ba. Justin ya dubi sabon askin.

"An gama lodin shanun?"

"An gama."

"Mako uku. Shanun Borno duka ka loda." Ya tura masa bututu marar komai da ƙafa. "Daga nan za ka sake farawa. Kuma ka daina gantsare baya."

Kwana goma sha biyu ya ɗauka. Rana ta goma sha uku da la'asar ya wuce ƙarshen sahu, ya gaida tsofaffin uku ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a gaba. A sujadar farko hula ta zame ta gangara gefe. Ya bar ta a nan har aka sallame.

Yana kifa ta a kansa tsohon nan ya miƙo masa hannu daga kan kujera.

"Na hango daga nan, sa'ana. Wa ke maka aski?"

"Gambo."

"Ni ma shi ne," in ji tsohon, ya shafa hularsa da gamsuwa. "Hannunsa da kyau. Har yanzu duk mako sai ya kwashe mini da yawa."